Naitirojin ko iskar mai faci? Zaɓin iska, murfin bawul da wurin sabis ga mai a-kori-kura a Legas

Ƙanena yana da Hilux da yake ɗaukar tumatir, attaruhu da albasa daga kasuwar Mile 12 yana raba wa gidajen abinci a Ikeja da Lekki. Kwanakin baya ya kai ta sabis wurin dila. Da aka miƙo masa takardar kuɗi sai ya ga har da kuɗin naitirojin a ciki, abin da bai ce a yi ba, a bakin kowace taya kuma an ɗaura koren murfi. Da daddare ya kira ni. "Yaya, yanzu in taya ta yi ƙasa ina Ketu, zan iya tsayawa wurin mai faci ya ƙara mini, ko dole sai na koma wurinsu? Kuma koren murfin nan, in ya faɗi iskar guduwa za ta yi?"

Tambayar ta taɓa ni, domin ni an taɓa yi mini abin da ya fi wannan. Na kai tawa motar wani babban wurin sabis, aka yi juyen baƙin mai, aka sauya wa tayoyi wuri, na gaba suka koma baya, na baya suka dawo gaba. Washegari da sassafe na ɗora geji. Tayoyin gaba suna ɗauke da iskar da na sa wa baya saboda lodi, na baya kuma suna ɗauke da ta gaba. An sauya musu wuri, amma ba wanda ya tsaya ya daidaita iskar. Ɗaya daga cikinsu kuma babu murfi a bakinta. Safaya kuwa ko sauko da ita ba a yi ba, alhali a takarda an yi alamar an duba. A ranar da kaya zan hau titin Legas zuwa Ibadan. Da ban duba ba, da tayoyin baya ne za su ɗauki nauyi da ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi, kuma a irin wannan hali ne taya take fashewa.

Zaɓi uku ne a ɗaure da juna: wace iska za ka sa, wane murfi za ka ɗaura, kuma hannun wa za ka bai wa motar.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko kuɗi, ba na yau kaɗai ba, har da wanda za ka riƙa kashewa cikin shekara. Na biyu ƙarko a yanayin Legas, inda laima ba ta barin iska, ruwan Yuni da Yuli yana cika titi, kuma wanda ke zirga-zirga a Apapa, Lekki ko Ajah yana shan iskar teku mai gishiri. Na uku sauƙin samu: abin da ka zaɓa, za ka same shi da ƙarfe goma na dare a Ojota, ko a Mokwa in ka kama hanyar Arewa? Na huɗu haɗari, wato in abin ya ɓaci, iya ina ɓarnar za ta tsaya.

Kafin duk wannan akwai lamba ɗaya da komai ya rataya a kanta. Buɗe ƙofar direba ka dubi jikin ginshiƙin, za ka ga takarda a manne da ke faɗin iskar gaba da ta baya. A a-kori-kura sau da yawa lamba biyu ake ba baya, ɗaya ta mota wayam, ɗaya ta mota da lodi. Wannan ce iskar motarka. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so ka sa kullum ba, kuma a nan direbobi da yawa suke yin kuskure. In takardar da ma'aunin kPa aka rubuta, 200 daidai yake da 29 a ma'aunin psi, wanda shi nake nufi duk inda na ce geji kaza, 250 kuma 36. Ana aunawa ne taya tana da sanyi, da safe kafin a tashi ko bayan mota ta yi kamar awa uku a tsaye. Tayar da ta sha tafiya gejinta yakan haura da 4 ko fiye, kuma wannan ba laifi ba ne. Kada ka sace mata iska tana da zafi, domin in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Iska: abin da ake sayar maka

Iskar da muke shaƙa, wadda injin mai faci yake zuƙa ya tura cikin taya, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne tun asali. Kashi 21 oksijin ne, ragowar kuma wasu iskoki da tururin ruwa. Wanda ya sayar maka da naitirojin yana ɗaga wannan 78 ne zuwa 93 ko 95, yana kuma ba ka iska busasshiya. Ribar gaskiya ce, amma sai mu auna girmanta.

Oksijin ya fi naitirojin saurin ratsa roba, shi ya sa tayar naitirojin ta fi riƙe iska. Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wannan tsakanin 2006 da 2007. Ta ɗauki tayoyi iri 31, kowane iri guda biyu, ɗaya da iskar yau da kullum ɗaya da naitirojin, duka a geji 30, ta ajiye su a waje shekara guda. Masu iskar yau da kullum sun rasa 3.5, masu naitirojin sun rasa 2.2. Bambancin shekara ɗungurungum 1.3 ne. Ƙusa ɗaya a bakin kasuwa, ko yoyo a bawul, wato bakin da ake ƙara wa taya iska, za ta zubar da fiye da haka cikin yini guda.

Maganar da aka fi jawo mutane da ita ita ce wai naitirojin ba ya zafi, don haka taya ba ta fashewa. Wannan ba haka yake ba. Duk iskar da ka kulle a taya, in ta yi zafi matsinta zai hau, kusan geji 1 a kan kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Salsiyas, ko naitirojin ce ko ta mai faci. Abin da ke fasa taya shi ne ƙarancin iska haɗe da lodi da gudu, sai tsufa, sai raunin da rami ya yi wa gefenta. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin ciki. Naitirojin ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Za a ce maka ai jirgin sama da shi yake amfani. Gaskiya ne, kuma akwai dalili mai nauyi. A ranar 31 ga Maris 1986 wani jirgi ƙirar Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya faɗi a ƙasar Meziko, mutum 167 suka rasu. Birki ya yi zafi fiye da kima, tayar da aka cika da iskar yau da kullum maimakon naitirojin ta fashe a cikin ma'ajinta, wuta ta tashi. A 1987 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta busasshen naitirojin a tayoyin manyan jirage masu birki. Tayar jirgi tana ɗaukar matsi ninki-ba-ninki na tayar mota, birkinta kuma yana kai wa zafin da oksijin zai iya hura wuta. Hilux ɗin da ke cikin cunkoson titin Ikorodu ba ta shiga wannan hali.

Inda naitirojin yake da hujja mai ƙarfi a Legas shi ne bushewa. Injin iska yana tara ruwa a tankinsa, kuma a gari mai laima irin namu yana tarawa da sauri. In mai faci ba ya buɗe ƙasan tankin ya zubar, ruwan yana bin tiyo ya shiga taya. Wani lokaci da kanka za ka ga feshin ruwa yana fita in ya danna bakin tiyon. Ruwan nan yana sa wilin ƙarfe tsatsa daga ciki, tsatsar tana cin inda leɓen taya yake zama, sai ka ga taya tana sauka a hankali an rasa ƙusar da ta huda ta. Yana kuma cutar da na'urar auna iska da ke cikin wili, ga motocin da ke da ita. Sai dai busasshiyar iska ba naitirojin kaɗai ke ba da ita ba. Shagon taya da ke da matacin ruwa a injinsa yana ba ka kusan wannan ribar, ɗan injin da ake jonawa da batirin mota kuma ba shi da tankin da ruwa zai taru.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato yadda ake yin aikin. Don taya ta kai kashi 93 ko sama, sai an sace iskar da ke ciki gaba ɗaya, a cika da naitirojin, galibi a sake sacewa a sake cikawa. In tayarka tana geji 28 da iskar yau da kullum aka ɗora mata naitirojin zuwa 32, lissafi ya nuna naitirojin ɗin cikinta ya tashi ne daga kashi 78 zuwa kusan 80 kawai. An karɓi kuɗinka, an ɗaura koren murfi, abin da ke cikin taya bai sauya ba. Ba ka da hanyar ganewa da ido. Saboda haka in za ka biya, tsaya a gaban motar ka ga an zare ƙwayar da ke cikin bawul mai riƙe iska, taya ta kwanta, sannan an cika.

Amsar tambayar ƙanena ta farko mai sauƙi ce: haɗa naitirojin da iskar mai faci ba ya cutar da taya ko kaɗan. Tsarkin naitirojin ɗin ne kawai zai ragu. Haɗarin yana wurin direban da ya ga tayarsa ta yi ƙasa amma ya ƙi ƙara mata, yana jiran ranar da zai koma inda ake sayar da naitirojin, ya yi mako yana jan kaya a haka.

| Ma'auni | Iskar mai faci | Iskar shagon taya ko ɗan injinka | Naitirojin |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi arha | Arha. Injin saye ɗaya ne | Mafi tsada, kuma biya ne kowane zuwa |
| Riƙe iska | Daidai gwargwado | Daidai gwargwado | Ya ɗan fi, in an yi aikin daidai |
| Ruwa a ciki | Yakan yi yawa | Kaɗan | Kusan babu |
| Sauƙin samu | Ko'ina, dare da rana | Cikin gari, ko cikin motarka | Wurare ƙalilan |
| Haɗari | Geji maras gaskiya, cika iska fiye da ƙa'ida | Kaɗan | Biyan abin da ba a yi ba, sakaci da dubawa |

Game da mai, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk geji 1 da tayoyi suka ragu yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin 100. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 ba wanda ke raina wannan. Amma daidaiton iskar ne ke kawo sauƙin, ba nau'inta ba.

Murfin bawul

Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Haka murfin bawul yake a wurin direbobi. Bawul ɗin da ke tayar mota, wanda ake kira da sunan August Schrader tun ƙarshen ƙarni na 19, yana da ƙwaya a ciki mai ɗan sifirin da ke rufe hanya. Ƙwayar ce ke riƙe iska, ba murfin ba, don haka in murfi ya faɗi taya ba ta sacewa nan take. Wannan ce amsar tambayar ƙanena ta biyu. Aikin murfi shi ne hana ƙasa da ruwa shiga, sannan in yana da zoben roba a ciki ya zama ƙofa ta biyu idan ƙwayar ta fara yoyo.

Ka tuna inda a-kori-kura take shiga: taɓon Mile 12 bayan ruwan sama, Kara a bakin Berger, mayankar Oko-Oba, wuraren gini a hanyar Epe. Bawul maras murfi yana cika da laka ta bushe a ciki. Ranar da aka zo ƙara iska, tiyo zai tura yashin nan ƙasa ya zauna a inda ƙwayar take rufewa. Daga nan sai yoyon da ba a ji, ba a gani, sai dai kowane kwana uku ka ga taya ta yi ƙasa. Gwajin da masu faci ke yi na shafa yawu ko ruwan sabulu a bakin bawul gwaji ne mai kyau. In ya yi kumfa, a sauya ƙwayar.

Murfin roba baƙi shi ne wanda ya zo da yawancin motoci. Arha ne ƙwarai, ba ya tsatsa, ba ya liƙewa, ba wanda ke sha'awar sace shi. Aibinsa rana tana busar da shi ya tsage, wasu kuma ba su da zoben roba a ciki. In za ka saya a Ladipo ko shagon taya, leƙa cikinsa ka zaɓi mai zobe. Koren murfi shi ma roba ne, launin alama ce kawai cewa an sa naitirojin, ba shi da wani aikin da baƙin ba ya yi.

Murfin ƙarfe shi ne wanda ke buƙatar dogon bayani, domin a nan ake asarar kuɗi. Ƙarfe iri biyu mabambanta in suka haɗu, aka samu laima da gishiri a tsakani, ɗaya yana cin ɗaya har su manne. Bakin bawul na roba da muka saba da shi tagulla ne, in ka ɗaura masa murfin alminiyam mai launi na ado, bayan damina ɗaya kana iya neman filaya kafin ya kwance. Ɗaya gefen ya fi muni. Tun Satumban 2007 doka a Amurka ta tilasta wa sababbin ƙananan motoci, har da a-kori-kura, su zo da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba in iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Dokar ta biyo bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer ne. Saboda haka Tacoma, Tundra, F-150 ko Frontier ɗin tokunbo da aka sauke a Tin Can, in ƙirar bayan wannan shekara ce, tana da na'urar, kuma a da yawa daga cikinsu tana haɗe da bawul na alminiyam a cikin wili. Ka ɗaura wa irin wannan bawul murfin tagulla mai ƙyalli, ya manne, yaron mai faci ya sa filaya ya murɗa, bakin bawul ya karye. Taya ta sace a wurin, kuma sai ka sayi sabuwar na'ura, a kwance taya a ɗaura, a haɗa ta da kwamfutar motar. Murfin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai ga shi ya jawo aikin yini guda. Ga irin wannan bawul, murfin roba mai zobe kawai, ƙwayar ciki ma sai mai rufin nikel, ba tagulla tsirara ba.

Murfin ƙarfe mai zoben roba yana da wurinsa: bawul na tagulla ko na ƙarfe a motar da ke ɗaukar nauyi sosai da iska mai yawa. Yana jure zafi, yana rufewa gam. Sharaɗin shi ne ka riƙa kwance shi kowane mako, wanda dama za ka yi in kana auna iska.

Akwai kuma murfi mai nuna launi, kore in iska ta cika, ja in ta ragu. Dabarar tana burgewa, amma don ya auna dole ya danne ƙwayar bawul a buɗe, wato shi kaɗai ya rage yana riƙe iskar tayarka. In ya tsage ko dutse ya buge shi, taya za ta sace. Motar da ke shiga ramuka da kasuwanni ba na ba ta shawarar sa shi.

| Murfi | Kuɗi | Ƙarko a Legas | Haɗari |
|---|---|---|---|
| Roba maras zobe | Mafi arha | Yana tsagewa da rana | Kaɗan |
| Roba mai zobe, baƙi ko kore | Arha | Mai kyau | Mafi ƙaranci |
| Ƙarfe mai zobe | Matsakaici | Mai kyau a bawul na tagulla | Yana manne wa bawul na alminiyam |
| Alminiyam na ado | Matsakaici | Yana mannewa, ana sacewa | Karya bakin bawul |
| Mai nuna launi | Mafi tsada | Rauni | Sacewar taya in ya fashe |

Shi kansa bawul ɗin roba yana tsufa. Duk lokacin da ka sayi sabuwar taya, a sauya shi. Kuma wanda aka saba sawa iyakarsa geji 65 ne, don haka manyan a-kori-kura masu tayar ɗaukar kaya, mai alamar LT, da ke kai wa 80 suna buƙatar bawul mai ɗaukar matsi.

Hannun wa?

Dila yana da abin da ba kowa ke da shi ba: kayan gyara na asali, kwamfutar da ta san motarka, rasit, da tarihin sabis da ke ɗaga darajar mota ranar sayarwa. In motarka sabuwa ce tana cikin garanti, sabis ɗin inji a can ya kamata a yi shi. Kuɗinsa ne mafi yawa, kuma yakan cinye maka yini. Inda matsalar take, a abin da na gani, ita ce aikin taya shi ne na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta a idonsu. Babban makanike yana kan inji, taya an bar wa yaro mai koyon aiki, motoci suna layi, takardar dubawa ana bi ana sa alama. A nan ake manta murfi a kan benci, a cika tayoyi huɗu da lamba ɗaya ba a dubi jikin ƙofa ba, a ɗaure noti da bindigar iska har ya wuce ƙa'ida. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Notin da aka matse fiye da kima yana miƙar da ƙusar wili ya raunana ta, kuma ranar da taya ta yi faci a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, sifanar da ke cikin motarka ba za ta iya kwance shi ba. Wurin da ya san aikinsa yana ƙarasa ɗauri da sifanar awo, mai yin ƙara in noti ya kai iyaka, yana bin notunan shida a tsallake ba a jere ba.

Ba na cewa a guji dila. Cewa nake kada girman gini ya sa ka ɗauke ido. Kafin ka sa hannu a takarda, zagaya motar ka ƙirga murfi huɗu. Ɗora gejinka, tunda motar ta daɗe a tsaye tayoyin sun huce, ka gwada da lambar jikin ƙofa. Ka ce a sauko da safaya a gabanka. A a-kori-kura tana rataye ne a ƙarƙashin bodi da sarƙa ko waya, ruwan titi yana dukanta, in ba a motsa abin saukarwar ya kan ci tsatsa ya ƙi aiki ranar buƙata. Sa sifanarka ka gwada noti ɗaya. Kunna mota ka ga ko fitilar gargaɗin iskar taya ta mutu. In ka ga kuɗin abin da ba ka nema ba, cikin mutunci ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ban ce a yi ba, a cire mini." In magana ta ƙi ƙarewa, akwai hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, kuma rasit ɗinka shi ne hujjarka. Bayan an kwance wili an mayar, sake gwada notunan in ka yi kilomita 50 zuwa 100.

Shagon taya na zamani, mai injin cire taya da na balansin da na alaimen, shi na fi ba amana a harkar taya, domin ita ce sana'arsa ba aikin gefe ba. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne, kana tsaye kana kallo, injinsa ba ya kwarzane wili, kuma masu aikin sun saba da na'urar auna iska. Haɗarinsa shi ne a tura maka abin da ba ka buƙata, ko tayar da ta daɗe a ajiye. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ma wannan lambar suke dubawa a hanya.

Mai facin bakin titi kuwa ba ni da bakin raina shi, domin shi ne ke nan lokacin da kowa ya rufe. Arha ne, yana da sauri, kuma wanda ya daɗe a sana'ar yana gane yoyo da kunne. Rauninsa uku ne. Gejinsa ya sha faɗuwa ƙasa, ba lalle yana faɗin gaskiya ba. Da yawansu sun saba cika taya har 45 ko 50 saboda ganin mota ce ta kaya, alhali iskar da ta wuce ƙa'ida tana cinye tsakiyar taya, tana rage kamun birki a jiƙaƙƙen titi, tana sa mota wayam ta riƙa tsalle. Na uku, ƙarfen da yake ɓamɓare taya da shi yana iya fasa na'urar da ke bayan bawul. Duka ukun suna da magani: ka zo da gejinka, ka faɗi lambar da kake so da bakinka, ka gaya masa tun farko in motarka tana da na'ura. Abu ɗaya ne ba zan yarda ya yi mini ba ko da kyauta, wato faci a gefen taya. Tayar da ta yage a gefe ta gama aiki.

Wa ya dace da me

In kana jigilar kaya kullum cikin gari, Mile 12 zuwa Oyingbo, Agege zuwa Apapa, kana shiga taɓo kana taka ƙusa, naitirojin asarar kuɗi ce a gare ka, domin tayarka ba za ta yi wata uku ba a buɗe ta ba. Sayi geji mai kyau, murfin roba mai zobe da ragowa a aljihun mota, ka riƙe mai faci ɗaya da ke zubar da ruwan tankinsa, ka auna kowane mako.

In doguwar hanya kake yi, Legas zuwa Ilori, Kaduna ko Kano, kuɗin da za ka kashe a naitirojin gara ka tara ka sayi ɗan injin iska mai jona batir. Daidaita iskar baya da lambar lodi kafin ka tashi, ka tabbata safaya tana da iska kuma tana saukowa.

In tokunbo ce daga Amurka mai fitilar taya, ka nisanci murfin ƙarfe, ka kai aikin cire taya shagon da ke da inji. A nan busasshiyar iska tana da amfani, don haka in naitirojin bai yi maka tsada ba kuma an yi shi a gabanka, ba laifi.

In motar ofis ce ko ta gida da ke yin makonni a ajiye, ita ce ta fi cin ribar naitirojin, ita da safayar da ba a taɓawa. Duk da haka a ɗora mata geji sau ɗaya a wata.

In sabuwa ce cikin garanti, inji na dila ne, amma ƙara iska ko sauya murfi a waje ba ya taɓa garantinka.

Ƙanena na ce masa ya bar koren murfin a inda yake tunda roba ne, ya ƙara iska a Ketu duk lokacin da taya ta nema, kuma a sabis na gaba ya gaya musu tun a bakin ƙofa cewa ba ya son naitirojin. Ranar Asabar muka haɗu a Agege na ba shi geji, muka auna tare. Uku suna daidai, ta baya ta hagu ta ragu da 6, muka shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin ya yi kumfa. Ƙwayar ce ba a ɗaure ta sosai ba bayan an cika, mai facin bakin layi ya matse ta da ɗan makullinsa.